Kundin Waƙoƙin Gitar na Birazil da Matsalar Rubuta Waƙar Hausa: Abin Lura daga Damana da Kurfai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda aka tsara kundayen waƙoƙin gitar na ƙasar Birazil, sannan ta auna ko wannan tsari zai iya ɗaukar waƙar Hausa yadda ake rera ta a yankin Filinge. Mun nuna cewa tsarin ya dogara ne a kan abubuwa biyu, wato harshe mai jaddada gaɓa da kuma kiɗa mai yawan sauya haɗin sauti. Hausa da Zabarmanci kuwa harsuna ne masu karin sauti da tsawon wasali. Daga ƙarshe mun kawo shawarar abin da ya kamata shafin kundin Hausa ya ƙunsa.

1.0 Gabatarwa

Kamar yadda aka sani, nazarin waƙar baka ta Hausa ya yi nisa ta fuskar matani, musamman a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, inda malamai irin su Sa'idu Muhammad Gusau suka tattara diwanai na makaɗan fada da na jama'a. Ta fuskar kayan kiɗa ma akwai ayyuka sanannu, kamar ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa da Ames da King suka fitar a 1971, da kuma binciken Mahaman Garba a kan kiɗan Hausawan Nijar. Amma duk da haka akwai wani gefe da aka bari a baya, shi ne rubuta waƙa ta yadda wanda bai taɓa jin ta ba zai iya ɗaukar abin kiɗa ya kaɗa ta, ya kuma rera ta daidai.

Wannan buƙata ta fi fitowa fili a wajen masu kaɗa gitar (a Nijeriya an fi cewa jita). Ɗalibin da ya soma koyon gitar a Yamai yakan ci karo da kundayen waƙoƙin ƙasashen waje, a takarda ko a wayar hannu, kuma daga cikin waɗanda aka fi yabawa akwai na Birazil. Tambayar da ke biyo baya ita ce: me zai hana a yi wa waƙoƙinmu irin wannan aiki? Manufarmu a nan ita ce mu amsa wannan tambaya ta fuskar kimiyyar harshe. Mun ɗauki Damana da ƙasar Kurfai a matsayin ma'auni, domin wuri ne da Hausa da Zabarmanci suke gogayya, kuma Hausar da ake yi a can ta sha bamban da daidaitacciyar Hausa ta hanyoyin da suka shafi awon waƙa kai tsaye.

Domin guje wa ruɗani, ga yadda muka yi amfani da wasu kalmomi: “karin sauti” shi ne hawa da saukar murya da ke bambanta ma'anar kalma, “rauji” shi ne hawa da saukar murya na waƙa, “haɗin sauti” kuma shi ne abin da makaɗanmu ke kira akor, daga Faransanci, wato sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa lokaci guda.

2.0 Abin da kundin waƙoƙin gitar ya ƙunsa

2.1 Hanyoyin rubutu guda uku

Gitar tana da tsirkiya shida, kuma yadda aka saba ɗaure su daga mai kauri zuwa siririya shi ne mi, la, re, sol, si, mi. Akwai hanyoyi uku da ake bi wajen rubuta abin da ake kaɗawa da ita.

Hanya ta farko ita ce rubutun solfej mai layi biyar, wanda ke nuna tsayin kowane sauti da kuma tsawon lokacinsa. Ita ce mafi cika, amma tana buƙatar karatu na musamman.

Hanya ta biyu ita ce tablatur, inda ake ja layi shida, kowane layi na wakiltar tsirkiya ɗaya, sannan a rubuta lambar wurin da za a danna a wuyan gitar. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, domin da ita Luis Milán ya buga littafinsa na kiɗan vihuela, ƴar uwar gitar, a birnin Balensiya na ƙasar Sifen a 1536.

Hanya ta uku ita ce wadda mutanen Birazil ke kira cifra. A nan ana rubuta kalmomin waƙa kamar yadda aka saba, sai a ɗora harafi a bisa gaɓar da haɗin sauti zai sauya. Haruffan su ne kamar haka:

(1) A = la, B = si, C = do, D = re, E = mi, F = fa, G = sol

Harafi shi kaɗai na nufin haɗin sauti uku, alal misali C na nufin do, mi, sol. Idan aka ƙara wasu alamomi sai haɗin ya faɗaɗa:

(2) Am7 = la, do, mi, sol
(3) C7M(9) = do, mi, sol, si, re

Ya kamata mu lura cewa ɗalibinmu da ya yi karatu da Faransanci ya saba da do, re, mi, saboda haka tun a matakin farko sai ya yi fassara tsakanin tsari biyu kafin yatsunsa su taɓa tsirkiya.

2.2 Aikin Almir Chediak

Kiɗan bossa nova ya bayyana a birnin Riyo a ƙarshen shekarun 1950. Galibi ana ɗaukar faifan “Chega de Saudade” da João Gilberto ya yi a 1958, waƙar da Antônio Carlos Jobim ya tsara kiɗanta, Vinicius de Moraes ya rubuta kalmominta, a matsayin mafarinsa. Wannan kiɗa ya shahara da yawan haɗin sauti masu sarƙaƙiya irin na misali (3), waɗanda ke sauyawa kusan a kowane taki. Shekaru da dama masu koyo sun dogara da ƙananan mujallu da ake sayarwa a bakin titi, waɗanda sau da yawa sukan sauƙaƙa haɗin sautin ko su rubuta shi ba daidai ba.

Wanda ya gyara wannan al'amari shi ne Almir Chediak (1950-2003), malamin gitar wanda ya kafa maɗaba'ar Lumiar a Riyo. Bayan littattafansa na koyar da haɗin sauti a tsakiyar shekarun 1980, ya shiga fitar da kundaye: na Caetano Veloso a ƙarshen shekarun 1980, na bossa nova mai juzu'i 5 da na Jobim mai juzu'i 3 a farkon shekarun 1990, da na Chico Buarque mai juzu'i 4 a 1999. Kowace waƙa tana zuwa da raujinta a rubutun solfej, da haruffan haɗin sauti, da zanen yadda za a ɗora yatsu, da kuma kalmomin waƙar. Bugu da ƙari akwai tarihin mawaƙin da hotuna da hira. Amma abin da ya fi ba wa waɗannan kundaye daraja shi ne hanyar aikin: Chediak yakan zauna da mai waƙar, idan yana raye, su bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, har mai waƙar ya yarda cewa abin da ke bisa takarda shi ne abin da ya nufa.

2.3 Abin da kundin bai rubuta ba

Duk da wannan ƙoƙari, akwai abin da shafin cifra ba ya nunawa, shi ne aikin hannun dama. A salon João Gilberto babban yatsa na kaɗa tsirkiyoyi masu kauri a kan bugu ba tare da kaucewa ba, sauran yatsu uku kuma suna fizgar haɗin sautin a tsakanin bugu, wani lokaci kafin bugun ya iso. Ɗan Birazil ba ya buƙatar a rubuta masa wannan, domin da shi ya tashi. Haka kuma ba ya buƙatar a nuna masa gaɓar da za a jaddada, domin ƙa'idar rubutun harshen Fotugis, kamar ta Sifaniyanci, tana nuna wa mai karatu inda jaddadawa take a kowace kalma. Wato ke nan kundin ya rubuta abin da mai karatunsa ba zai iya ganowa da kansa ba, ya bar abin da kowa ya sani. Wannan ita ce ƙa'idar da za mu riƙe a sauran bayaninmu.

3.0 Kiɗan Latin da gitar a Nijar

Kiɗan Latin ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Afirka ta Yamma, sai dai wanda ya fara isowa na ƙasar Kyuba ne. Tun daga 1933 kamfanin EMI ya riƙa fitar da jerin faya-fayai masu lamba GV domin kasuwar Afirka, mafi yawansu kiɗan son na Kyuba. Daga nan ne rumbar Kwango ta samo tushe, kuma bayan samun mulkin kai ƙungiyoyi irin su Bembeya Jazz ta Gine da Orchestra Baobab ta Dakar suka gina salonsu a kan wannan kiɗa. Ƙasar Mali ma ta tura ɗalibai birnin Habana a 1964, waɗanda suka kafa ƙungiyar Las Maravillas de Mali. Ta hanyar rediyo da faya-fayai da kaset wannan kiɗa ya shigo wuraren rawa na Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan da kunne aka koye shi. Makaɗin da ba ya jin Sifaniyanci yakan saurari faifai har ya haddace, sannan daga baya ya ɗora kalmomin harshensa a kan kiɗan. Ƙashin bayan kiɗan Kyuba shi ne bugun da ake kira clave, wanda ke da bugu biyar cikin gurabe goma sha shida. Bossa nova na da irinsa, da bambancin gurbi ɗaya tak:

(4) son: x . . x . . x . . . x . x . . . (gurbi na 1, 4, 7, 11, 13)
(5) bossa: x . . x . . x . . . x . . x . . (gurbi na 1, 4, 7, 11, 14)

A nan ya kamata a yi hattara da wani zato. Gaskiya ne an kai Hausawa bayi jihar Bahiya ta Birazil a farkon ƙarni na 19, kuma sun taka rawa a boren 1807 da na 1814, wasunsu kuma a boren Musulmi na 1835 a birnin Salbado. Amma masana tarihin kiɗa sun fi danganta asalin samba, uwar bossa nova, da al'ummun yankin Kwango da Angola. Saboda haka kamannin da kunne ke ji bai isa hujjar cewa tsarin rubutu ɗaya zai yi wa kiɗan biyu aiki ba.

Daga ƙarshen shekarun 1980, da aka kafa gasar Ɗan Gurmu da kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai mai ɗauke da sunan Elhaji Taya, makaɗan zamani na Nijar sun ƙara karkata zuwa ga kiɗan gida. Faifan “Niamey Twice” na Musa Pusi da Sa'adu Bori (1994), da ƙungiyar Mamar Kassey da aka kafa a 1995, misalai ne na wannan juyi. A wannan salo, haka ma a salon gitar na Buzaye, sau da yawa ana kaɗa gitar ne kamar yadda ake kaɗa molo ko gurmi: babban yatsa da manuni, tsirkiya ɗaya na ta maimaita sautin tushe, sauran na bin raujin mawaƙi, a kan ma'aunin sauti biyar. Idan aka rubuta irin wannan waƙa da cifra, ba mamaki harafi ɗaya ko biyu su ishe ta daga farko har ƙarshe. Shafin zai zama daidai, amma ba zai koya wa kowa kome ba.

4.0 Damana da ƙasar Kurfai

Damana ita ce cibiyar ƙaramar hukumar Tondikandiya, cikin gundumar Filinge ta jihar Tilaberi. Tana cikin kwarin Dallol Boso, arewa da Baleyara, kudu da garin Filinge, wanda ke da nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai. Mafi yawan mutanen Tondikandiya Zabarmawa ne; a arewa da su akwai Buzayen Imanan da ke Bonkuku, sannan Kurfayawa masu magana da Hausa a kewayen Filinge; Fulani makiyaya kuma suna ko'ina cikin kwarin. Saboda kasuwanni da auratayya, jin harshe biyu abu ne da aka saba da shi, kuma mawaƙi na iya fara ɗango da Zabarmanci ya ƙarasa da Hausa.

Kayan kiɗa masu tsirkiya da aka gada a wannan yanki su ne goge mai tsirkiya ɗaya, wanda ke tafiya da ƙwarya a wajen wasan bori, da molo mai tsirkiya uku, da kuma gurmi. Yaron da ya tashi a nan ya kuma ɗauki gitar, da wannan kunne zai kaɗa ta. Don haka duk kundin da za a yi domin irinsa dole ya fuskanci tambayoyi uku na harshe, waɗanda za mu duba yanzu.

5.0 Matsalolin harshe

5.1 Nauyin gaɓa

Hausa na da siffofin gaɓa uku: baƙi da gajeren wasali (BW), baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (BWW), da baƙi da wasali da baƙi (BWB). Ta farko marar nauyi ce, tana da mora ɗaya; sauran biyun masu nauyi ne, kowace na da mora biyu. Tun daga nazarin Greenberg na 1949 har zuwa aikin Hayes da Schuh na 2019 a kan karin rajaz, an tabbatar da cewa a kan wannan bambanci aka gina awon waƙar Hausa, kuma mawaƙa suna kiyaye shi a lokacin rerawa: gaɓa mai nauyi takan ɗauki lokaci fiye da marar nauyi.

Matsalar ita ce ƙa'idar rubutunmu ta yau da kullum, bisa dokar da ta tsaida rubutun Hausa a Nijar a 1999, ba ta nuna tsawon wasali. Dubi waɗannan, inda muka ninka dogon wasali:

(6) gàrii (wurin zama) / gàarii (na hatsi)
(7) faraa (launi) / fàaraa (ƙwaro)

Mai karatun labari yakan gane wanda ake nufi daga muhallin magana. Amma mai rera waƙa yana buƙatar sanin tsawon kowace gaɓa kafin ya buɗe baki. Bari mu gwada da jimlar da muka ƙirƙira domin wannan bayani:

(8) Gero ya nuna cikin gona.
gee.roo yaa nùu.na ci.kin goo.naa
2 2 2 2 1 1 2 2 2 = mora 16

Idan muka ba kowace mora gurbi ɗaya, gaɓoɓin za su fara a gurbi na 1, 3, 5, 7, 9, 10, 11, 13 da 15. In aka ɗora wannan a kan bugun son na misali (4), bugu huɗu daga cikin biyar (1, 7, 11, 13) sun faɗa daidai farkon gaɓa, ɗaya kawai ya faɗa tsakiyar roo. In kuma aka ɗora shi a kan bugun bossa na misali (5), bugu na ƙarshe zai faɗa tsakiyar goo, sai a ji kamar kiɗan na jan kalmar. Ba muna cewa ɗaya ya fi ɗaya kyau ba ne. Abin da muke nunawa shi ne wannan bambanci ba zai taɓa bayyana a shafin da aka rubuta “Gero ya nuna cikin gona” da harafin Am a bisa kalmar farko ba. Har ila yau, wanda ya karanta “nuna” a matsayin nuunàa (gwada wa wani abu) maimakon nùuna (ƙosawa) ya ƙara mora ɗaya, ɗangon ya zama 17, ya fita daga awo, ma'ana kuma ta ɓaci.

5.2 Karin sauti

Hausa na da karin sama da karin ƙasa, da kuma faɗau wanda ke zuwa a kan gaɓa mai nauyi kawai. Misalan sanannu ne:

(9) kuukaa (hawaye) / kuukàa (itaciya)
(10) wuyàa (na jiki) / wùyaa (wahala)

A harshen Fotugis mai tsara rauji na da ƴancin hawa ko sauka a kan kowace gaɓa, muddin gaɓar da ake jaddadawa ta dace da bugu. A Hausa wannan ƴanci ragagge ne. Richards (1972) da Leben (1983) sun auna dangantakar karin sauti da rauji a waƙar Hausa, kuma abin da ya fito shi ne akwai dacewa wadda ta wuce a ce katari ne, ko da yake ba a kowace gaɓa take ba. Mawaƙi na iya miƙe murya a inda magana za ta sauka, amma ba kasafai yakan hau a inda magana ke sauka ba. Akwai kuma gangarar sauti, wato yadda karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa ke fitowa ƙasa da na farkon jimla; wannan na daga cikin dalilan da suka sa ɗangon waƙar Hausa yakan fara sama ya gangaro.

Sakamakon wannan ga kundin waƙa a fili yake. A kundin Birazil ana rubuta rauji sau ɗaya, sai a jera baitoci a ƙarƙashinsa, domin raujin baiti na biyu daidai yake da na farko. A waƙar baka ta Hausa kuwa, amshi ne kaɗai ke da tsayayyen rauji. Ɗiyan da jagora ke kawowa suna sauya rauji gwargwadon karin sautin kalmominsu da yawan gaɓoɓinsu. Wanda ya rubuta raujin ɗa na farko ya ce a bi shi a sauran, ya tilasta wa mai rerawa ya karya kalmomi. Zabarmanci ma harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, saboda haka wannan magana ta shafe shi.

5.3 Karin harshe

Kurhwayanci na cikin karin harsunan yamma, tare da Arewanci da Adaranci da Sakkwatanci. Sunansa ma ya nuna ɗaya daga cikin siffofin wannan rukuni, wato hw ko h a inda daidaitacciyar Hausa ke da f. Mai shirya kundi zai so ya “gyara” kalmomin mawaƙi zuwa daidaitacciyar Hausa domin littafin ya samu karɓuwa a Kano ko Damagaram. To amma bambance-bambancen iri biyu ne. Akwai waɗanda ba su taɓa nauyin gaɓa:

(11) hwarii / farii. Tàhi / tàfi
(12) zamnàa / zaunàa. Amree / auree

Akwai kuma waɗanda ke sauya shi:

(13) dà sunkà zoo (mora 6) / dà sukà zoo (mora 5)
(14) shii yaz zoo (mora 6) / shii ya zoo (mora 5)

A misali (11) da (12) maye gurbi ba ya ɓata awo, ko da yake yana ɗauke wa waƙar kamanninta na gida, wani lokaci ma ya taɓa amsa-amo. A misali (13) da (14) kuwa, duk inda aka mayar da sunka ta koma suka an zare mora ɗaya daga ɗangon. Tun da yake waɗannan lamirai na yawan zuwa a waƙoƙin da ke ba da labari, gyaran da ake gani ƙarami ne zai iya rusa awon waƙa baki ɗaya. Ra'ayinmu shi ne a rubuta abin da mawaƙi ya furta, in ya so a kawo daidaitacciyar siffa a gefe domin mai karatu na nesa.

6.0 Shawara a kan tsarin shafi

Bisa ga ƙa'idar da muka ambata a 2.3, kundin Hausa ya kamata ya rubuta abin da mai karatunsa ba zai iya ganowa da kansa ba. Muna ganin kowane ɗango na buƙatar layi huɗu:

(a) kalmomin waƙa cikin rubutun yau da kullum, da karin harshen mawaƙi;
(b) kalmomin a rarrabe gaɓa-gaɓa, da ninka dogon wasali da alamar karin ƙasa da ta faɗau;
(c) jadawalin gurabe irin na misali (4), wanda ke nuna inda kowace gaɓa ta fara da inda babban yatsa da ƙwarya ko kalangu ke bugawa;
(d) tablatur, tare da bayanin yadda aka ɗaure tsirkiyoyin, domin ba kowane makaɗi ke bin ɗaurin da muka ambata a 2.1 ba.

Jadawalin gurabe ba sabon abu ba ne. James Koetting ya yaɗa irinsa a 1970 domin rubuta kiɗan gangunan Afirka ta Yamma, kuma amfaninsa shi ne wanda bai san solfej ba na iya karanta shi cikin ɗan lokaci, kamar yadda yake karanta guraben dara. Haruffan cifra sai a ƙara su a inda waƙa ke da sauyin haɗin sauti na haƙiƙa, kamar waƙoƙin da aka gina a kan rumba. Game da rauji, a rubuta na amshi cikakke, a rubuta na ɗa ɗaya ko biyu a matsayin misali, layi na (b) kuma ya ja gorar sauran. Ya kamata kuma kowane kundi ya tafi tare da sautin waƙoƙin da aka naɗa, abin da wayar hannu ta sauƙaƙa a yau.

Abin da ya kamata mu ara daga Chediak kai tsaye shi ne hanyar aikinsa: a zauna da mai waƙa, a karanta masa abin da aka rubuta, a kaɗa masa, ya gyara, sannan a nemi izininsa ta hannun hukumar kare haƙƙin mawallafa kafin a buga. Wannan aiki ne na mutum biyu aƙalla, masanin harshe da makaɗi, domin da wuya a samu mutum ɗaya da ya ƙware a fannonin biyu. Ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri, waƙa biyar da aka rubuta ta wannan hanya daga bakin mawaƙi ɗaya na Tondikandiya ko Kurfai sun isa aikin shekara guda, kuma za su ba da bayanai a kan Kurhwayanci da ba a samu ta hanyar jerin kalmomi.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa kundin waƙoƙin gitar na Birazil ya yi nasara ne domin ya dace da harshe da kiɗan da aka yi shi dominsu. Mun kuma ga cewa idan aka ɗauko shafinsa yadda yake aka ɗora wa waƙar Hausa, zai rubuta haɗin sauti, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da waƙar ta dogara a kai, ya bar nauyin gaɓa da karin sauti da karin harshe da aikin hannun dama. Batun na da gaggawa. Elhaji Taya ya rasu a 1988, Sa'adu Bori a 2008, Malam Maman Barka a 2018, kuma da yawa daga waƙoƙin zamaninsu a kaset kawai suke, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Matsalar tsaro da jihar Tilaberi ta shiga tun daga wajen 2017 ta sa zuwa ƙauyuka domin bincike ya yi wuya, amma akwai ƴan asalin yankin da dama a Yamai waɗanda za a iya fara aikin da su. Tun da kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar littattafan koyarwa cikin Hausa za ta ƙaru, har da na kiɗa. Muna fatan abokan aiki na sashen harsuna da na cibiyar koyar da kiɗa za su gwada tsarin da muka kawo a sashe na 6.0, su kuma bayyana inda yake buƙatar gyara.